Ƙasa huɗu a tashi ɗaya, ni aka bari da laifin

Juma'ar da ta wuce na miƙa musu laftof ɗinsu na yi sallama, shekara uku cif. Mu tara ne kaf a kamfanin, manhajar lissafin kaya muke sayarwa ana biya wata-wata, kuma kun san halin ƙananan kamfanonin nan, da kuɗin masu zuba jari ya shigo sai kan kowa ya ɗau zafi.

Oga ya dage sai mun shiga Brazil, Jamus, Holan da Indiya lokaci guda. Na ce mu kama ɗaya tukuna, in ƙafarmu ta tsaya mu ƙara, ai ko Spotify, kamfanin manhajar sauraron waƙoƙi, da ya fara a Turai a 2008 sai 2011 ya shiga Amurka. Ya ce tsoro ne ke damuna. Aka ɗora min Brazil.

Da farko abin gwanin sha'awa, mutane na ta rajista, su yi gwajin kyauta na sati biyu, amma da sun iso shafin biya sai su ɓace. Na kwana nawa ina zura wa allon nan ido ina zaton fassararmu ce ba ta yi ba. Sai da na samu wata kwastoma a waya, da tafinta a tsakaninmu, ta ce ita fa tana son manhajar, ina wajen biya da Pix? Wallahi jikina ya yi sanyi. Pix ɗin nan babban bankin ƙasar ne ya fito da shi a Nuwamban 2020, ka haska lambar QR kuɗi ya tafi nan take, ga kuma boleto, takardar biya da ake kaiwa banki ko shago a biya, da suka saba da shi tun da can, mu kuwa kati kaɗai muke karɓa kuma da dala, alhali katunan mutane da yawa a can cikin gida kawai suke aiki, wanda nasa ya wuce ma sai an caje shi IOF, harajin gwamnatinsu kan hada-hadar kuɗi, a kai. Wato kwastoma na riƙe da kuɗi a hannu mu muka rufe masa ƙofa.

Mafita biyu ce, ko mu yi rajistar kamfani a can mu samu CNPJ, lambar harajin kamfanoni ta Brazil, ko mu bi ta masu shiga tsakani irin su EBANX da dLocal su cire kamashonsu. Na rubuta wa oga imel, ya ce kamashon ya yi yawa, ya ƙara zuba kuɗin a talla. Kuskurena a nan yake, sau ɗaya na faɗa na yi shiru, ban tara alƙaluma na tsaya a kai ba. Bayan wata biyar, a gaban masu zuba jari, ya ce Brazil ta faɗi ne saboda wanda aka ba ta bai iya ciniki ba. Ina zaune a wurin. Imel ɗin yana wayata har yau.

Sauran darussan a taƙaice. A Holan iDEAL ne, tsarinsu na biya kai tsaye daga asusun banki, labarin bai canza ba. A Indiya dokar babban banki ta Oktoban 2021 kan cirar kuɗi ta wata-wata daga kati ta sa biyan kwastomominmu ya dinga faɗuwa. A Tarayyar Turai tun 2015 harajin VAT na kayan intanet ƙasar mai saye yake bi, kuma GDPR, dokarsu ta kare bayanan mutane, tana hawa kan kamfani ko da ƙarami ne. Yawan masu rajista ba ciniki ba ne, kada wanda ya ruɗe ku da shi a mitin.

Wata biyu kafin in tafi na haɗa Pix ɗin da kaina, ni da injiniya ɗaya, da daddare bayan an tashi. A satin farko kuɗi ya fara shigowa, har matar nan ta biya. A rahoton ƙarshen wata an rubuta cewa sabon tsarin shugabanci ne ya kawo canjin, sunana bai fito ko a layi ɗaya ba.