Daren da sinadarin ya yi haske

Jiya da misalin ƙarfe 9 na dare na kashe fitilar ɗakin gwaji, na haska hasken UV, wanda ido ba ya gani, kan ƴar kwalbar da na yi wata uku ina fama da ita. Sai ga wani shuɗi mai sirkin shunayya ya bayyana a hankali. Alhamdu lillahi, wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Abin da ke cikin kwalbar folimar dibenzofulbin ce, wato doguwar sarƙar ƙwayoyin sinadari iri ɗaya, wadda Tamaki Nakano na Japan ya bayyana tsarinta a 2001. Zobban kabon da ke jikin sarƙarta kan kwanta ɗaya bisa ɗaya, kamar faya-fayan da uwa ta jera a kan randa, tazararsu ƙasa da rabin nanomita (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Wannan kusancin ne ke sa maƙwabtan zobba biyu su raba ƙarfin hasken da suka sha, su fitar da shi a matsayin haske mai tsawon zango wajen nanomita 400, ba irin hasken zobe guda ba.

Sau huɗu iskar oksijin tana ɓata mini aiki kafin na iya haɗa sinadarin a ƙarƙashin naitirojin, cikin sanyin digiri 78 ƙasa da sifili, yatsuna na daskarewa a jikin kwalbar.