Ƙugin servo na dijital a motar rimot

Masu wasa da motocin rimot a Garwa ta ƙasar Kamaru sukan damu idan servo na dijital, wato ɗan injin da ke juya tayoyin gaba, ya riƙa ƙugi alhali motar tana tsaye. Galibi ba lalacewa ba ce, domin yana aika wa injin da ke cikinsa wuta kusan sau 300 a daƙiƙa, abin da ke jawo ƙugin ke nan, na analog kuwa, wato tsohon samfuri, sau 50. Ni dai nakan cire hannun da ke haɗa shi da sitiyari. Idan ya yi shiru, to ƙurar hunturu ce ta cushe mahaɗan, ko kuwa iyakar juyawar da aka saita a rimot ta yi yawa, sai a rage ta. Idan ƙugin ya ci gaba har servo ɗin ya ɗauki zafi, a auna wutar da ke isa gare shi.