Fuskar gadon auta

Asabar, bayan isha'i.

Har yanzu hannuna warin kananzir yake, amma sai na rubuta wannan kafin barci ya ɗauke ni.

Fuskar gadon da Babansu ya sayo a Ƙofar Ruwa ta yi sati biyu jingine a bayan kicin, tana jiran na sake mata fenti shuɗi don ɗakin auta. Gwanjo ce, ta ƙarfe, mai sanduna tsaye da lanƙwasa a sama. Ranar da aka sauke ta daga adaidaita sahu na gwada ɗagawa, nauyin da na ji ya tuna mini gadon Inna mai rumfa, wanda aka kai ta ɗaki da shi, muka taso a kansa har ƙannenmu. Gadajen yanzu na matsattsen garin katako, da sun sha danshi sai su kumbura. Wannan kuwa tsatsa ce kawai ta ɗan ci ƙafafunta.

Da aka karya kumallo na tura auta gidan Yaya. Da ƙyar ta tafi, tana ta "Umma, ni zan shafa shuɗin." Ban bar ta ba saboda abin da na gani jiya. Na ɗan kankare gefe da wuƙa, sai ga fenti hawa uku: kore a sama, fari a tsakiya, can ƙasa wani rawaya mai kauri. Tsohon fentin mai sau da yawa da dalma a cikinsa, musamman rawaya da ja. Ni kuma tun abin da ya faru a Zamfara a 2010 nake tsoron dalma, lokacin da yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can daga dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, amma hanyar shigarta jiki iri ɗaya ce da ta fenti: ƙura ta sauka a ƙasa, yaro ya taɓa, ya kai hannu baki. Ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ba ta gyaruwa. Auta shekararta 4, kuma har yau da yatsa a baki take barci.

Don haka ban goge a bushe ba. Na shimfiɗa leda a tsakar gida, na sa takunkumi, na ajiye bokitin ruwa a gefe. Buroshin waya na fara sa wa tsatsar, sannan samfefa mai kaushi, lamba 80, ina tsomawa a ruwa ina gogawa, na ƙarasa da mai laushi. Tun hantsi har aka kira azahar ina kai. Sandunan ba su ba ni wuya ba. Wahalar tana wurin haɗin walda, nan tsatsa ke ɓuya, sai da na naɗe samfefar a jikin ƙusa na riƙa sakacewa. A ƙarƙashin lanƙwasar kuma, inda ido ba ya kaiwa, na tarar da zanen furanni ƙanana da aka buga a jikin ƙarfen, fenti ya binne su shekara da shekaru. Na daɗe ina shafa su da yatsa. Gadon wata amarya ne, babu shakka.

Ledar na ƙulle da dattinta, na wanke siminti, na canza kaya.

Da ƙarfen ya bushe a rana na goge shi da tina, na shafa jan fentin nan na ƙasa mai hana tsatsa. Mai waldan bakin layinmu ya ja mini kunne: "Hajiya, kada ki lafta. Sama-sama sau biyu, in ba haka ba zai yi hawaye." Sanda biyu sun yi hawayen, gobe zan bi su da samfefa. Wajen la'asar iskar hunturu ta taso da ƙura, ni da Babansu muka kinkime ta zuwa zaure a guje.

Auta ta dawo da magariba, ta leƙa, ta ɓata fuska. "Umma, ai shuɗi na ce." Na ɗauko gwangwanin, wanda sai da na karanta jikinsa na ga an rubuta babu dalma kafin na biya, na nuna mata launin a kan murfi. Na ce gobe hawa na farko, jibi na biyu, sannan ya sha iska sati guda kafin ya shiga ɗakinta. Ta ƙirga kwanakin da yatsu, ta ce sun yi yawa, ta tambaya ko furannin ma za su zama shuɗi.