Abin da na koya daga wasiƙar Archer Blood

A karatun huldar jakadanci, abin da aka fi nanata mana shi ne jami'in diflomasiyya bakin gwamnatinsa ne, abin da aka umarce shi ya faɗa shi zai faɗa, ko da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Sai da na zauna na nazarci rayuwar Archer Blood, ƙaramin jakadan Amurka a 1971 a birnin Dhaka, wanda a lokacin yake Gabashin Pakistan (Bangaladash ta yau), sannan na fahimci cewa jami'in shi ne kuma idon gwamnatin da ta tura shi, kuma wannan ɓangaren aikin ya fi wancan nauyi idan jini ya fara zuba.

A zaɓen Disamba 1970, jam'iyyar Awami League ta Sheikh Mujibur Rahman ta sami rinjaye a majalisar Pakistan, amma gwamnatin soja ta Janar Yahya Khan ta ƙi miƙa mata mulki. A daren 25 ga Maris 1971 sojoji suka far wa Dhaka, suka cinna wa unguwanni wuta, suka shiga jami'a suka bindige malamai da ɗalibai, musamman a masaukin Jagannath inda ɗalibai mabiya addinin Hindu suke kwana. Blood da ma'aikatansa suka shiga aika rahoto Washinton ba ƙaƙƙautawa, suna faɗin unguwar da aka ƙona, da waɗanda aka zaɓa aka kashe, da makamai ƙirar Amurka da aka gani a hannun sojojin, har ya kira abin da sunansa, wato kisan ƙare dangi. Fadar White House ta yi gum, domin Shugaba Nixon da mai ba shi shawara Henry Kissinger suna amfani da Yahya a matsayin ɗan aike tsakaninsu da Sin, kuma ta Pakistan ne Kissinger ya bi a asirce zuwa Beijin a watan Yuli na wannan shekara.

Ranar 6 ga Afrilu jami'an Amurka 20 da ke aiki a Dhaka suka sa hannu a wata takarda da ta zargi gwamnatinsu da ƙin yin Allah wadai da ta'asar da kuma zubar da mutuncinta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba Blood ne ya rubuta ta ba, wani matashin jami'i ne a ƙarƙashinsa. Aikin Blood bai wuce ya ba da izinin aikawa ba, kuma da ya tsaya a nan babu wanda zai ga laifinsa. Amma sai ya ƙara bayaninsa a ƙarshenta, ya ce yana tare da su, alhali ya san shi ne babba, kuma a kansa ne fushin manya zai sauka. Tun daga lokacin, idan na ga shugaban ofis ya tura ƙananan ma'aikata su faɗi gaskiyar da shi yake jin tsoron faɗa, ba na iya ganinsa da ƙima.

Na kuma lura cewa ƙarfin takardar ya samo asali ne daga rahotannin da suka gabace ta. Da sun fara da kumfar baki, da an ce zafin kai ne na mutanen da suka saba da 'yan gari. Sun fara da hujja, sannan suka bi hanyar da ma'aikatar harkokin waje ta tanada domin bayyana saɓanin ra'ayi, ba su ajiye aiki ba, ba su yi tawaye ba.

Duk da haka ba a sauya manufa ba. An ci gaba da kisa, mutane kimanin miliyan 10 suka tsere zuwa Indiya, kuma ba a tsagaita ba sai da sojojin Pakistan suka miƙa wuya ranar 16 ga Disamba 1971, Bangaladash ta tsaya da ƙafarta. Shi kuwa Blood an janye shi daga Dhaka kafin wa'adinsa ya cika, aka ajiye shi a sashen kula da ma'aikata. Ƙungiyar abokan aikinsa ta karrama shi da lambar yabo, daga baya ya yi aiki a Kabul da New Delhi, amma har ya rasu a 2004 bai taɓa riƙe muƙamin cikakken jakada ba.