Daga Bakin Aji Zuwa Ɗakin Likita

Shekara tara ke nan ina koyarwa a wata makarantar sakandaren 'yan mata ta je-ka-ka-dawo a Kano, kuma shekara uku da suka wuce shugabar makaranta ta ɗora mini aikin malamar ba da shawara. Ban karanci fannin ba. Abin da ya jawo mini shi kawai shi ne jadawalina ya fi na sauran malamai sauƙi a wancan zangon. Tun 1977 tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi a samu masu ba ɗalibai shawara a makarantun gaba da firamare, amma a wurare da dama muƙamin yakan faɗa hannun wanda ke da sarari, ofishinsa kuwa wani lungu ne na sito inda ake jibge karyayyun kujeru. Nawa ma haka yake.

A takarda hanyar a miƙe take. Malamin darasi ya lura da ɗaliba, ya gaya wa malamar aji, ita kuma ta kawo ta wurina, ni in saurare ta, idan abin ya fi ƙarfina in sanar da shugaba, a kira iyaye, a rubuta takardar turawa asibiti. A aikace kuwa, kafin yarinya ta iso teburina yawanci ta riga ta sha bulala da durƙuso na makonni, domin alamomin farko na damuwa a idon malami kama suke yi da rashin ladabi. Makara, gyangyaɗi a aji, ƙin yin aikin gida, shiru idan an yi tambaya, duk sunansu ɗaya a ɗakin malamai, wato taurin kai.

Wata ɗalibar aji biyar ce ta koya mini wannan. Malamin lissafi ne ya fara cewa yarinyar da ke zuwa ta ɗaya ko ta biyu ta miƙa masa takardar gwaji babu komai a kai sai sunanta. Da aka kawo ta, ta zauna a bakin kujera tana murza gefen hijabinta, duk abin da na tambaya amsarta ɗaya: "Ba komai, Malama." Sai a zama na uku ta buɗe baki. Tun rasuwar mahaifiyarta wata biyar baya ba ta samun barci sai gab da asuba, abinci ba ya shiga, kuma tana ganin da babu ita da gidansu ya fi sauƙi. Na tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa tunanin kashe kanta. Gabana yana faɗuwa na yi tambayar, saboda mun taso da tsoron cewa ambaton abu yana jawo shi, alhali masana sun tabbatar tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi. Ta ɗaga kai alamar eh. Daga wannan lokacin magana ta wuce ta jira zuwa mako mai zuwa, dole a ga mahaifinta a ranar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin bakwai na yara masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Ajinmu yakan kai ɗalibai saba'in, kowa ya yi lissafin da kansa.

Wurin iyaye ne aikin turawa ya fi wuya. Mahaifin ya zo daga kasuwa bayan la'asar, ya saurare ni cikin natsuwa har na ambaci likitan ƙwaƙwalwa, sai fuskarsa ta sauya. "Malama, 'yata ba mahaukaciya ba ce," in ji shi. "So kike a ce an kai ta Dawanau? Wa zai aure ta?" Ban ga laifinsa ba. A Kano sunan Dawanau ya zama abin zolaya a bakin yara da manya, kamar yadda Kware yake a Sakkwato, alhali asibitoci ne da ƙwararru ke aiki a cikinsu. Tsohuwar dokar 1958, wadda sunanta ma na mahaukata ne, ta yi shekara sittin da ɗoriya tana aiki kafin Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Janairun 2023. Doka ta sauya, amma abin da maƙwabta za su faɗa yana nan yadda yake, kuma shi uba ke aunawa.

Na ce masa, "Alhaji, ba ta barci, ba ta cin abinci, ta rame. Da zazzaɓi ne ya yi mata haka, da ka kai ta." Na ba shi shawara su fara da babban asibiti, sashen ganin likita na kowa da kowa, inda za a fara duba jininta da sauran lafiyarta, tun da ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo ma kan kawo kasala da sauyin hali, idan da buƙata likitan ne zai tura su sashen ƙwaƙwalwa, wanda a asibitin koyarwa ƙofa ce guda cikin ƙofofi da yawa, ba wanda zai san wacce suka shiga. Wannan ne ya sassauta shi.

Ya kafa sharaɗi ɗaya, cewa za a ci gaba da yi mata ruƙiyya, domin kakarta ta tabbata shafar aljanu ce. Ban yi musu ba, kuma har yau ba na yi. Malamar da ta buɗe baki da rushe abin da iyali suka yi imani da shi ta rasa yarinyar ke nan. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwar da ya fara tsarinsa na ƙauyen Aro a Abeokuta a 1954, ya sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya, kuma duniya ta yaba masa. Inda nake ja da baya wuri biyu ne: idan aka ce a daina shan maganin asibiti, da kuma idan magani ya koma duka ko mari. Wanda ya tuna ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019, wasu da sarƙa a ƙafa, ya san dalilina.

Takardar da nake rubutawa gajera ce, kuma na koyi kada in sa sunan cuta a cikinta, tun da ni ba likita ba ce. Abin da aka gani nake rubutawa: yaushe aka fara lura, me ya sauya a karatunta da halinta, me ta faɗa da bakinta, me ya faru a gida. Ina rufe ta a ambulan in miƙa wa uba hannu da hannu. Kwafinta yana cikin durowa mai makulli da na saya da kuɗina, bayan na taɓa jin sirrin wata ɗaliba yana yawo a ɗakin malamai ana shan shayi. Abin da malaman darasi suke buƙatar sani bai wuce a daina dukanta a kan makara, a kuma ƙara mata lokacin aikin gida ba.

Bayan kwana goma mahaifin ya dawo yana cewa maganin ba ya aiki, zai dakatar. Na roƙe shi ya koma wurin likitan kafin ya yanke hukunci, na tuna masa irin waɗannan magunguna sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu. Ranar komawarta ta biyu ta faɗo cikin makon jarrabawa, sai da na bi shugaba har ofis sau biyu kafin a yarda ta rubuta takardar ranar daga baya. Ta uku kuwa kuɗin adaidaita sahu ne ya kusa hana su, ƙanwar mahaifiyarta ta biya. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, saboda haka wanda ya rasa ranarsa yakan jira wata mai nisa. Tun daga lokacin nake rubuta ranar komawar kowace yarinya a bayan littafin darasina, in tambaye ta washegari ko sun je.

Ita dai ta rubuta jarrabawar WAEC bara. A durowar yanzu akwai ambulan huɗu, biyu daga ciki iyayen ba su amsa kira ba tukuna.