Daga Accra zuwa Kumasi: gonar salwa mai girki da kashin tsuntsayenta

Motar safe na shiga a tashar Circle da ke Accra, muka bi ta Nsawam da Suhum da Nkawkaw, tafiyar kusan kilomita 250. Cunkoson hanya ya sa sai bayan azahar muka shiga Kumasi. Na kwana a Aboabo, washegari na hau torotoro, wato ƙaramar motar haya, zuwa wajen gari ta hanyar Ejisu, inda wani dattijo ɗan zango yake kiwon salwa wajen dubu biyu a keji.

Abin da na fara lura da shi, wurin ba ya ɗoyi irin na gidan kaji. Ƙarƙashin kowane keji akwai faranti, kullum da safe a kwashe kashin kafin ya bushe. Alhajin ya ce mini, "Malam, kashin da ya kwana biyu a rana rabin amfaninsa ya tafi." Salwa mai ƙwai tana cin giram 25 zuwa 30 a yini, kashinta ma bai yi nisa da haka ba, don haka dubu biyu suna ba da kamar kilo 50.

Kashin ana zuba shi a wani rami ne, inda yake ruɓewa ya ba da gas. Ramin gas ɗin na bulo ne da siminti, an binne shi a ƙasa, samansa kamar kifaffiyar ƙwarya, cikinsa kubik mita goma. Ga lissafin: kilo 50 na kashin salwa ana dama shi da lita 100 na ruwa, a ƙara kilo 25 na kashin shanu da ruwa daidai nauyinsa. Kunun ya zama lita 200 ke nan a kullum. In ana so ya yi kwana 40 a ciki kafin ya fita ta ɗaya bakin, yana buƙatar kubik mita takwas, sauran biyun wurin taruwar iska ne.

Kashin shanun nan ba ƙawa ba ne, shi ne ran aikin. Kashin tsuntsu yana da sinadarin naitirojin fiye da kima, in aka zuba shi zalla sai ya koma amoniya, ita kuma ta kashe bakteriyar da ke samar da gas. Alamar ita ce wuta ta yi rauni, kunun da ke fita ya riƙa hawa ido. Maganin shi ne a dakatar da kashin salwa na 'yan kwanaki, a ƙara ruwa da kashin shanu. Akwai kuma akasin haka: in aka cika ɓawon rogo ko ragowar abinci, ramin ya yi tsami. Ma'aunin tsami ya kamata ya tsaya tsakanin 6.8 da 7.5, takardar gwaji mai arha ta wadatar. Farkon farawa ma da kashin shanu da tumbin mayanka ake cika ramin, a jira mako biyu zuwa huɗu. Iskar farko ba ta kamawa, sakin ta ake yi a fili, nesa da wuta.

Abu uku ya nuna mini da ke tsayar da aikin rami. Gashin salwa da garin katako suna tasowa su yi ɓawo a sama, su hana iska fita. Tsakuwa da ɓawon kawa na cikin abincin tsuntsaye suna kwanciya a ƙasa, shi ya sa ake barin kunun ya ɗan lafa a kwamin damawa kafin a buɗe masa hanya. Na uku shi ne ruwan wankin keji mai maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ko kusa da ramin ba ya zuwa.

Daga kan ramin bututu ya tashi, ya ɗan gangara zuwa wata kwalba inda raɓar cikinsa ke taruwa. Sai ya ratsa wani gwangwani cike da soson ƙarfe mai tsatsa, wanda ke kama iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na ga wanda aka cire, ya yi baƙi ƙirin kamar gawayi. Ba don shi ba, iskar za ta cinye cikin injin janareta. Yoyo kuwa da ruwan sabulu ake nemansa a kowace mahaɗa.

Kan batun lantarki, a ganina mutane suna zuzutawa. Ramin irin wannan yana ba da kubik mita huɗu zuwa biyar a rana. Kowane kubik mita yana da zafin da ya kai kilowat-awa shida, amma ƙaramin janareta ba ya fitar da fiye da ɗaya da rabi zuwa biyu. A murhu ko fitilar ɗumama 'yan tsaki ya fi riba nesa ba kusa ba. Shi ya sa a nan gas na girki da ɗumi ne, ragowar a tara a wata babbar jakar roba. Janaretan, wanda aka sa wa bakin gas a kabureta, ba a tayar da shi sai ranar dumso, kamar yadda ake kiran ɗaukewar wuta a Ghana. Aikinsa ɗaya ne: riƙe injin ƙyanƙyasa a zafin digiri 37.5, domin ƙwan salwa kwana 17 zuwa 18 yake yi, kuma in ya daɗe a sanyi an yi asara.

Kunun da ya fita daga ramin masu lambun latas da kabeji ne ke zuwa ɗiba a jarka. Da la'asar na kama hanyar Kejetia, babbar kasuwar Kumasi, da kiret ɗaya na ƙwan salwa da Alhaji ya ce in kai wa iyali.