Darussan da na koya daga walimar hantsi a ɗakin baje kolin zane-zane

Lokacin da nake karatu a kudancin ƙasar Amurka, na yi aikin wucin gadi a wani ƙaramin ɗakin baje kolin zane-zane a jihar Mississippi, inda ake shirya walima da hantsin Lahadi: abinci guda da ya haɗa karin kumallo da na rana, makaɗin blues (salon kiɗan baƙaƙen fatar yankin) da jitarsa a kusurwa, ga kuma ayyukan masu fasahar gargajiya jere a bango. Tsarin ba sabo ba ne, domin gidajen kiɗa da abinci na House of Blues, waɗanda aka fara buɗewa a 1992 a Cambridge ta jihar Massachusetts, sun daɗe da shahara wajen haɗa abincin hantsin Lahadi da waƙoƙin coci a ƙarƙashin irin waɗannan zane-zane. Aikina shi ne jera kaya, tarbar baƙi da amsa tambayoyinsu.

Da farko dai na fahimci cewa kiɗan da zanen daga gida ɗaya suka fito, wani lokaci ma daga hannu ɗaya. James "Son" Thomas na garin Leland, wanda ya rasu a 1993, makaɗin blues ne, mai haƙar kabari ne, kuma shi ne ke ƙera ƙoƙon kan mutum da ɗanyen yumɓu, har yakan dasa masa haƙora na gaske. Jimmy Lee Sudduth na Fayette a Alabama kuwa da yatsunsa yake zane a kan allon katako, yana kwaɓa laka da sukari don ta kama, idan ya gama sai ya ɗauki harmonika ya busa wa baƙinsa. Mutane ne da ba su shiga makarantar koyon zane ba, kuma manyan gidajen tarihi sun jima ba su kula su ba, sai da baje kolin da gidan adana zane-zane na Corcoran ya yi a Washington a 1982 ya jawo hankali kan irinsu Thomas da mai zane Mose Tolliver. Duk baƙon da na ba wannan labari kafin a fara kiɗa, sai in ga ya koma gaban bango yana kallo da wani ido daban.

Sai dai kasancewarsu 'yan gida ɗaya bai hana su kishi da juna ba, kuma kiɗa ne ke rinjaye a kullum. Da zarar makaɗi ya zura wuyan kwalba a yatsansa ya ja shi a kan tsirkiyar jita, kowa zai juya wa bango baya, a ci a sha, a tafa, a watse, ba tare da an sayi ko da zane ɗaya ba. Maganin da muka samu shi ne a riƙa tsayar da kiɗa na ɗan lokaci, a bar makaɗin da kansa ya zaga da jama'a. Bayaninsa ya fi nawa shiga, domin yakan nuna zanen gonar auduga ya ce kakarsa ta yi irin wannan aiki, alhali ni abin da na karanta kawai nake maimaitawa.

Akwai kuma darasin da babu littafin da ya tanadar mini, wato yadda abinci ke cutar da kayan fasaha. Zanen laka da na fentin gida a kan katako ba su da gilashin da zai kare su, don haka tururin faten masara da maiƙon soyayyen tarwaɗa sukan sauka a kansu a hankali, ɗanyen yumɓu kuma ba ya jure girgizar lasifika. Dole teburin abinci ya koma bakin ƙofa, lasifika ta bar jikin kantar baje kaya, sannan a ajiye wurin aje kofi nesa da bango, tunda mai riƙe da faranti ba ya rasa nuna abu da cokali. 

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rabon kuɗi. A al'adar wannan kasuwa, ɗakin baje koli yakan ɗauki kusan rabin kuɗin duk aikin da aka sayar, kuɗin shiga kuma ya tafi ga abinci da ladan makaɗi. Ke nan mai zanen da ayyukansa suka ƙawata wurin zai iya komawa gida hannu rabbana idan ba a yi ciniki ba, duk da cewa zanensa ne ke cikin kowane hoton da baƙi suka ɗauka. A ganina wannan bai dace ba, ganin cewa mai zane Bill Traylor, wanda aka haifa cikin bauta, ya rasu a 1949 cikin talauci, yau kuma manyan gidajen tarihi ke alfahari da zanen da ya yi a kan kwali. Na kawo shawarar a ware wa masu zane wani kaso daga kuɗin shiga, aka yi ta muhawara a kan yawansa, kuma har na bar aikin ba a kai ga matsaya ba.